Borni a Ƙarƙashin Tukunya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya shimfiɗa ƙasa tun kafin wani ya zo da igiya ya auna ta.

Ku samari da ƴan matan unguwa, ina jin abin da kuke cewa in kun shigo ɗibar ruwa kuka tarar da ni gindin dogon yaro, hannuna cikin siminti. Wai Maman Zara ta samu aikin hutu: a kwaɓa, a zuba, a juye, kamar mai tuyar waina. Ban ji haushi ba, don ni ma da farko haka na ɗauka. Amma tunda wasunku sun fara tambaya ko zan koya musu, gara in rubuta muku abin da ke ciki, kowa ya shiga da idonsa a buɗe.

Borni dai shi ne ɗan guntun dutsen siminti da ake binnewa a kusurwar fili, gindinsa da faɗi, kansa a tsuke, da ɗan ƙarfe a tsakiyar kan. Tsawonsa bai wuce kamu guda ba, kuma kan kaɗai ke leƙowa waje. Huɗu ke riƙe gida ɗaya. Duk mai kwana a sababbin unguwannin Diffa tsakanin irinsu huɗu yake kwana, ko ya sani ko bai sani ba, kuma da yawa daga cikinsu a tsakar gidan nan aka zuba su.

Da shayarwa na fara. An kawo ni daga Damagaram ina amarya, ban daɗe da barin kolej ba. Lokacin garin bai wuce ofisoshi da kasuwa da ƴan unguwanni ba, in ka wuce gida na ƙarshe sai gonar gero. Maigidana, Malam, magini ne. Meri, wato ofishin magajin gari, ta ba shi aikin zuba bornoni, ga shi yana yini wurin gini, siminti kuwa in bai sha ruwa safe da yamma ba, ƙonewa yake ya koma gari. Sai ya ce mini, "Ke da kike gida, ki riƙa lulluɓe su da buhu kina yayyafa ruwa. Kada rana ta gan su." Na daɗe a kan wannan kafin ya bar ni in taɓa mulu, wato akwatin ƙarfen da ake zubawa ciki.

Ranar da ya yarda zai koya mini kwaɓi, mulu biyu ya ajiye. Ɗaya ya ce in cika da rairayin ƙofar gida, ɗaya da yashin Komadugu, wanda masu amalanke ke ɗebowa daga cikin kogi da rani in ruwa ya janye. Da suka ƙosa, ya ɗaga kowanne daidai ƙirjinsa ya saki. Na rairayi ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Na yashin kogi ya faɗi ya yi tsalle, ko gezau. Ya sa takalminsa ya fita. Daga nan na koyi sauran: a shafa baƙin mai cikin mulu don kada ya kama, a soka sandar ƙarfe a yi ta zungura har iskar da ke ciki ta fita, a ɗanɗana ruwa kafin a kwaɓa, don ruwa mai kanwa cin siminti yake daga ciki. Tsakuwa kuwa ita ce wahalarmu. Ƙasar nan ba ta da dutse, daga nesa motoci ke kawo ta, har yanzu in na share tsakar gida nakan tsince ƴan ƙwayoyin da suka ɓace in mayar cikin buhu. Mulun da na gada wurin Malam yana da lotsawa a kusurwa ɗaya, saboda haka duk bornina kafaɗarsa guda a dankwafe take. Ko cikin dubu zan gane nawa.

Babban mai sayenmu shi ne Mushe Hama topo, mai auna filaye na meri, Bafillace ne da aka turo daga yamma. Wata rana yana jiran a loda masa kaya, ya shimfiɗa taswirar sabon lotisma, wato filayen da za a yanka don sabuwar unguwa, bisa tabarma, Malam ya ce in zo in gani tunda na yi boko. Layuka ne a miƙe, sun gitta juna kamar saƙar taru.

"Madam," ya ce, "mutane suna tsammani da gida ake fara gari. Ni da hanya nake farawa. Sai in duba inda ruwan sama zai bi, don ruwa ba ya karanta taswira. Sai in ware wurin lakkol don karatun yara, da na kasuwa, da wurin shan iska. Abin da ya rage shi ake yanka wa mutane."

"To kafin ka zo, wurin na wa ne?"

"Gonaki ne. An ba masu su kasonsu na filaye. Rabinsu sun sayar tun kafin simintinki ya bushe."

Da aka gama dasawa, Malam ya kai ni na gani, da rani tsaka. Babu komai sai rairayi da tumfafiya da awaki, da kawunan bornonina a jere har iyakar gani. Ina tsaye ina kallo, Mushe Hama ya ɗaga murya daga nesa: "Madam, kauce! Tsakiyar titi kike, mota za ta kaɗe ki!" Muka yi dariya. Amma a hanyar komowa na yi ta tunani. Bara a nan aka yanke gero. Bana ba gona ba ne, ba gari ba ne. Masu hali sun saya sun ajiye, wasunsu ma suna Yamai, ba su taɓa taka wurin ba. Na fahimci cewa gari yana sauyawa tun kafin a ɗora bulo ɗaya, ranar da ƙasa ta daina ba da hatsi ta fara jiran tsada.

Sai shekarar wahala ta zo, wadda mutane suka gudo daga bakin tafki da ƙetaren kogi, daga Boso da ƙauyukan da ke gaba da ita. Allah kada Ya maimaita mana. Aka hana hawa moto, wato babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi, gini ya tsaya cak. Mulu ya yi tsatsa a bayan ɗaki. Baƙi kuwa kullum shigowa suke, masu dangi su sauka wurin dangi, marasa kowa su nemi fili su kafa kara da leda. Kuma wane fili ya fi lotisman da babu kowa cikinsa?

Mu matan unguwa mukan haɗa abin da ya samu, mu dafa mu kai. A irin wannan zuwa na san Ya Falmata, dattijuwa Babarbariya daga wani ƙauye na ƙetaren kogi. Jikoki ta fito da su. Ɗanta bai fito ba, ba ta kuma taɓa yin dogon zance a kansa ba. Na yi sallama, ta ce, "Lale, lale," ta jawo mini guntun tabarma. Ina zama idona ya sauka kan murhunta. Tukunya ce bisa duwatsu uku, sun yi baƙi ƙirin, kowanne kafaɗarsa guda a dankwafe. Na waiga bukkar da ke kusa, haka. Ta gaba da ita, haka.

"Ya Falmata, ina kuka samo waɗannan?"

"Allah Ya ba mu, ɗiyata. Garinku duk rairayi, ko dutsen jifan akuya babu. Muna sauka muka ga an jera su cikin ƙasa, duk kai ɗaya. Na ce wa yara, mutanen Diffa na da kirki, wani bawan Allah ya yi sadaka. Sai dai wanda ya yi su bai iya aiki ba. Wuta na kama su sai su tsage. Shekaranjiya ɗaya ya fashe, saura kaɗan tukunya ta kife kan yarinya."

"Ni na yi su."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To ki ƙara siminti."

Na yi mata bayanin abin da suke. Ta saurara har na gama, sannan ta ce a garinsu iyakar gona itace ne, ko kunyar noma, ko kuwa abin da Bulama, mai garinsu, ya sani. Ba ta taɓa jin an binne iyaka a ƙasa an tafi an bar ta ba mai tsaro ba.

Ba a jima ba maganar ta kai kunnen masu filaye. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne Alhaji Gaji, mai filin da Ya Falmata ke ciki. Ba mugun mutum ba ne. Ɗan kasuwar tattasai ne da aka rufe wa hanya, buhunansa na lalacewa a sito, filayen nan su ne abin da ya rage masa. A ganinsa wanda ya tumɓuke borni ya yi niyyar cinye fili ne, don haka doka ma take kallon abin. Ya tara ƴan uwansa masu filaye suka je meri. Aka ce duk wanda ke zaune cikin lotisma za a kwashe shi zuwa wurin da aka tara ƴan gudun hijira a bakin gudro, babban titin kwalta, can nesa da gari.

Ya Falmata ta zo gidana da hantsi, ko zama ba ta yi ba. Lokacin ta fara samun aikin daka da wanki a gidajen ma'aikata, da shi take ciyar da jikokin, kuma ƙaramar tana karɓar magani a likita.

"Maman Zara, in aka kai ni can, wa zan daka wa? Kowa a can irina ne. Mai wanki ba ya ba mai wanki aiki."

Na gaya wa Malam. Ya ce, "Ba za ki iya hana meri ba. Amma in duwatsun suka dawo, za a ga ba sata ba ce." To ta yaya za su dawo, alhali a kansu ake girki? Sai na tuna murhun kakata a ƙauye, da tubalin laka. Kogi ba ya zuwuwa lokacin, sojoji sun hana, amma akwai laka a ramukan masu bulo bayan gari. Na kankare tsatsar mulu, na kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki, na bar ta ta kwana biyu ta yi laushi, na zuba. Wannan aikin akasin wanda na saba ne. Siminti inuwa yake so da ruwa, laka kuwa rana take so, wuta ma ƙara mata ƙarfi take. Na cika tsakar gida da su har ba wurin shanya.

Muka ɗauki amalanke ni da Ya Falmata, muna bi bukka bukka: ba mu na siminti uku, karɓi na laka uku. Wasu matan suka ƙi, suna tsoron in sun miƙa sun amsa laifi ke nan. Ita ce ta yi ta fama da su da Barbarci, wani wuri da lallashi, wani wuri da faɗa. Akwai wadda ta ce sai tuwonta ya nuna, muka tsaya har ya nuna.

Malam ya gayyato Mushe Hama da Alhaji Gaji bayan la'asar. Suka tarar da tsibin bornoni a ƙofar gida, baƙaƙe, wasu a tsage, suna warin hayaƙi da kifi. Ya Falmata na zaune gefe, ta ja mayafinta. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba mai jin haushin wani. Mushe Hama na ganin zanen fuskarta ya riƙe kai.

"Wallahi na sani! Na ce wannan aikin sai Babarbariya. Rani guda na yi ina auna dajin nan, tsohuwa, kin dafe shi da miyar kuɓewa."

"Yi mini shiru, bawana. Kai da aka haifa a gindin saniya, yaushe ka san iyaka? Sau nawa shanunku suka cinye mini gona a ƙetare? Na kai ka meri?"

"Yanzu ga shi ke za a kai."

"A kai ni. In ce musu bawana ya watsar da kayansa a daji, na tsince masa."

Mushe Hama ya yi dariya har da share hawaye. Alhaji Gaji kaɗai bai yi ba. Ya durƙusa ya ɗauki borni ɗaya ya jujjuya, baƙin ya ɓata masa farar riga. Shi mutumin Geskeru ne, a bakin kogi ya tashi. Ya daɗe yana kallon wurin da gindin tukunya ya goge.

"Uwata ma da tubalin laka take girki," ya ce. "Allah Ya jiƙanta." Ya ajiye. "Ya Falmata, ki zauna a matsayin mai gadin fili. In an sake dasawa, ke za ki tsare su. Amma ba gini da bulo, ba rijiya, ba dashen itace. Ranar da zan yi gini, ki tashi ba da rigima ba."

"Na ji, Alhaji. Allah Ya buɗe maka hanyar tattasai."

Wannan al'ada ce da aka sani a garuruwanmu, talaka ya zauna a filin mai hali yana tsaro har ranar gini. Wasu masu filaye suka bi sawun Alhaji. Wasu suka ƙi, aka zo da manyan motoci aka kwashe mutanen da ke nasu. Cikinsu har da matar da muka jira tuwonta. Ban sake ganinta ba.

Bornonin da wuta ta ci ba sa komawa ƙasa, sun riga sun mutu. Mushe Hama ya sake aunawa daga farko, ni kuma na sake zubawa. Da aikin nan muka ci abinci a gidan nan shekarar da magina ke zaune. Na gode wa Allah, amma ban taɓa sakin jiki da wannan cinikin ba.

Daga nan na zuba ido ina kallon unguwar tana girma, kuma ba yadda aka zana ta ba. Titunan Mushe Hama a miƙe suke, amma ƙafafun mata masu zuwa ɗibar ruwa sun yanka tasu hanya a karkace, ita kowa ke bi. Wurin da ya ware na shan iska, nan masu gadi suka fara kasa kuka da daddawa da busasshen kifi, yau kasuwa ce. Saboda akwai mutane aka jawo famfo. Saboda akwai yara aka kafa rumfar lakkol, daga baya aka gina aji. Ma'aikatan agaji suka cika gari suna neman gidajen haya masu dogon bango. Filin da dā akuya kaɗai ke kulawa da shi ya zama abin rububi. Masu filaye suka fara gini ɗaya bayan ɗaya, masu gadi suna naɗe tabarmi. Waɗanda suka raya wurin su ne ya fara kora. Na taɓa faɗa wa Mushe Hama haka, ya ce, "Madam, ni ƙasa aka koya mini aunawa. Wannan da kike faɗa ba shi da igiya."

Shi ya sa nake ce muku aikin nan ba tuyar waina ba ne. Kwaɓin za ku iya koya cikin rani ɗaya. Amma ku sani abin da kuke zubawa shi zai ce wa wani nan naka ne, ya ce wa wani tashi. Kada ku rage siminti, don borni mai rauni maƙwabta biyu yake haɗawa faɗa bayan kun manta. Kada ku sayar wa wanda ya zo shi kaɗai yana son guda ɗaya cikin gaggawa ba tare da topo ba. Kuma in kun samu hali, ku je ku ga inda aka dasa, ku ga wa ke zaune a wurin.

Alhaji Gaji ya cika alkawari har ya rasu. Ƴaƴansa suka zo da ladabi suka ce bayan damina za su fara gini. Ya Falmata ba ta yi rigima ba, kamar yadda ta ce. Ta fara ɗaure kaya ba tare da ta san inda za ta ba. Jikokin sun girma a nan, Hausarsu ta Diffa ce, babbar ma an yi mata aure a unguwar. Ƙauyensu na ƙetare kuwa, waɗanda suka leƙa sun ce itatuwa sun fito cikin ɗakuna.

A lokacin ne aka yanka wani sabon lotisma can ƙarshen gari, aka ware wani kaso don waɗanda suka daɗe da gudowa. Masu nema sun fi filayen yawa nesa ba kusa ba. Bulamansu ya kai maganarta, Malam ya bi, Mushe Hama da ke dab da ritaya ya yi ta sintiri a ofisoshi yana cewa ba zai bar aiki ba sai ya rabu da wannan tsohuwa. Damina ta wuce, ƴaƴan Alhaji suka sauke yashi a ƙofar bukkarta, ba labari. Sai da aka fara haƙa tushen bango a gefenta sannan aka aiko ta zo.

Na raka ta da safe, a bayan amalanken da ya ɗauki bornonin da ƴan kayanta. Wurin ya yi nisa ƙwarai. Ba famfo, ba inuwa, rairayi ne da tumfafiya kamar wancan na farko. Mushe Hama ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ma'aikatansa suka haƙa, aka dasa huɗu. Ya Falmata ta bi su ɗaya ɗaya tana dafawa da sandarta.

"Bawana, wannan karon gadin wa zan yi?"

"Na kanki, tsohuwa. Ki gina, ki haƙa, ki dasa abin da kika ga dama. Ki dai bar mini duwatsuna."

Ta bi filin da kallo. Na ɗauka za ta tambayi ruwa, ko lakkol, ko yadda za ta riƙa zuwa gidajen da take wa daka.

"A takardar taka, ina ka sa maƙabarta?"

Mushe Hama ya daina murmushi. Ya buɗe taswira, ya duba, ya ɗaga hannu ya nuna wata ƴar tudu da ke arewa, inda aduwa biyu ke tsaye.

Ta kare ido da tafin hannu ta auna nisan.

"Madalla," ta ce. "Ba sai an nemi mota ba. Yara za su iya kai ni a kafaɗa." Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu. "Maman Zara, a sauke kayan. Na gama tashi."